Motar da Ke Kwana Ido Buɗe

Ranar da abin ya fara babu wanda ya ga wata alama. Rana ta yi ja ta sauka bayan rufin maƙwabta. Umma tana tsugune bakin famfo tana ɗauraye kwanuka, 'yarta Auta kuma ta baje littattafan makaranta a kan tabarma tana cizon bayan biro. Maigidan, wanda kowa a layin ke kira Direba, ya shigo da motarsa tsakar gida kamar kullum, ya juya hancinta ga bango, ya kashe ta, ya rataye makulli a ƙusar bayan ƙofa, ya yi alwala ya fita masallaci.

Motar tsohuwa ce, ta haya, kuma ita ke ci da gidan. Da ita aka aurar da manyan yara, da ita ake karatun Auta. Sai dai ta jima da ciwo guda: altaneta, wato abin da ke mayar wa batir wuta idan inji na aiki, ta yi rauni. Direba yana ta cewa zai canza ta, wata na bin wata. Kafin nan sai ya koyi tattalin wuta. Ba ya kunna rediyo, ba ya kunna fanka, fitila kuwa sai duhu ya rufe ido sosai yake taɓa ta. Saboda haka abokan aikinsa a tasha suka laƙaba masa Jemage, shi ma yana amsawa yana dariya.

Da ya dawo daga masallaci ya tura ƙyauren gida, sai ya tarar da bango ya yi fari fat. Fitilun motar duka biyu a kunne suke. Babu kowa a ciki. Tsakar gidan shiru, ƙwari kawai ke yawo cikin hasken.

Ya buɗe ƙofa ya murɗa makunnin, duhu ya dawo. Irin tsofaffin motocin nan ce da fitilarsu ke kamawa ko babu makulli, ƙofofinta kuma sun daɗe da daina kulluwa.

"Wa ya taɓa mota?"

Umma ta leƙo daga ɗaki da hijabin salla, ta ce ita ba ta fito ba tun da ya fita. Auta ta ce barci ne ya ɗan ɗauke ta a kan littafi. Ƙanen Umma, tela ne da ke zaune a ɗakin zaure, wanda duk gidan ke kira Kawu, ya ce shi shigowarsa ke nan daga shago.

"Ko kai ka manta, Yaya?" in ji Kawu.

"Ni? Ni da ko a hanya ba na kunna ta?"

Aka yi dariya kaɗan, aka bar maganar.

Da asuba Direba ya fito, ya ga wasu jajayen ɗigo biyu a jikin bango kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Fitilun ne. An sake kunna su bayan ya shiga ɗaki, sun kwana suna shan batir. Ya ba ta makulli, ta yi ƙyas ƙyas, ta yi shiru. Sai da Kawu da wani maƙwabci suka tura ta har bakin titi sannan ta tashi.

Haka aka yi washegari, haka aka yi bayan washegari. Ya kai ta wurin mai gyaran wutar mota, wanda ake kira Mai Waya. Mutumin ya kwanta ƙarƙashin sitiyari ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya fito yana goge hannu a wandonsa.

"Wayoyinka lafiya lau. Makunnin ma lafiya."

"To me ke kunna ta?"

"Tsaya in gaya maka abin da na sani tukuna. Batir randa ce, altaneta famfo. Famfonka ɗiga yake yi. In kana gudu a buɗaɗɗiyar hanya, yana ɗan zubawa. In kana cikin gari, tsaya nan tashi can, ga fitila a kunne, abin da take sha ya fi abin da ke shiga. In kuwa inji a kashe yake, babu abin da ke shiga sam. Kuma batirin da ya saba mutuwa kullum, ƙarshenta ko an cika shi ba ya riƙewa. Naka ya kama hanya."

"Duk na san wannan. Me ke kunna ta?"

Mai Waya ya dube shi ta gefen ido. "Mota ba ta da hannu, Jemage. Wa ka ɓata wa rai a gida?"

Tambayar nan ta bi Direba har gida, ta zauna masa a ƙirji. Ya tuna kwanan baya Kawu ya roƙe shi ya riƙa ba shi motar da yamma yana ɗan ɗaukar fasinja, tunda ɗinki ya ja baya, shi kuma ya hana, ya ce motar ba ta jure hannu biyu. Kawu bai ce komai ba a lokacin. Yanzu sai shirun nan ya fara yi wa Direba wata kama. Ya fara lura da yadda Kawu ke duban motar idan zai wuce. Ya fara lura cewa ba a taɓa kiran Kawu turi ba, shi ke fitowa da kansa, kamar wanda ya riga ya sani.

Ran nan ya ɗauki sifana ya kwance kan batir, ya ajiye wayar gefe, ya rufe bonet, ya tafi masallaci da sifanar a aljihu. Ya dawo ya tarar da bango fari. An mayar da wayar, an murɗa ta da hannu.

A yammacin nan ne aka fara jifa. Bayan an kashe fitilun an zauna cin abinci, sai ƙas a kan kwanon rufi. Aka saurara. Sai wani ƙas, sannan wani. Ba manyan duwatsu ba ne, 'yar tsakuwa ce irin wadda ke maƙalewa a tayar mota, tana gangarowa ta faɗo gaban tabarma. Direba ya fita ya zagaya bayan gida, babu kowa sai akuyar maƙwabta. Da ya dawo ya tarar da Kawu tsaye a bakin zaure yana kallon sama.

"Kai ina kake da aka yi jifar?"

"A ɗakina."

"Ɗakinka da taga ta baya."

Kawu ya sauke kai ya dube shi. "Yaya, me kake nufi?"

"Ina nufin aljani ba ya buƙatar ya san wace waya ce ta batir. Wanda ya san mota ne. An hana ka da arziki, kana so ka sa in tsorata in sakar maka ita."

Umma ta miƙe. "Baban Auta, ka ji tsoron Allah. Ƙanena ne."

"Shi ya sa na yi shiru har yau."

Kawu bai ɗaga murya ba. Ya shiga ɗaki, aka ji yana jan akwati daga ƙarƙashin gado. Da ya fito ya tsaya gaban 'yar uwarsa kamar yana jiran ta ƙara wata magana. Ba ta ƙara ba, ta sunkuyar da kai. Ya shafa kan Auta, ya ce zai riƙa kwana a shago, ya fita.

Abin da ya rufe wa Umma baki, ita kaɗai ta san shi. Kafin a zauna cin abinci ta ga hannun Auta. Baƙin mai ne a ƙarƙashin faratanta, da wani farin gari mai kama da gishiri irin wanda ke taruwa a kan batir. Ta ja ta bakin famfo ta wanke mata da sabulu, ta tambaye ta a ina ta samo. Yarinyar ta dubi hannun kamar na wani, ta ce ba ta sani ba. Umma ta ji tsoro. Ta ga gara a zargi namiji babba da a fara nuna 'yarta da baki a layi. Ta yi niyyar faɗa, ta kasa, har ƙyaure ya rufu a bayan ƙanenta.

Gidan ya zama wani iri. Miji ba ya kallon idon mata, mata ba ta kallon idon miji. Direba yana zargin ta bai wa Kawu hanya yana shigowa a ɓoye. Ita tana bin Auta da ido duk inda ta yi. Auta kuwa ta rame, abinci sai ta tsakura, tana yawan zama tana kallon motar. Jifa ba ta fasa ba, fitila ba ta fasa ba. Maƙwabta suka fara gaisuwa daga nesa.

Wata magariba Direba ya yi kamar ya fita masallaci. Ya buga ƙyaure, ya dawo a hankali ya laɓe a ɗakin zauren da Kawu ya bari, inda ƙofar ke kallon tsakar gida. Umma ta shiga ɗaki salla. Haske yana janyewa daga bango a hankali, tsuntsayen da ke kan wayar lantarki suka yi tsit.

Auta ta ajiye biro ta miƙe. Ba tafiyarta ba ce. Tana jan ƙafa tana dafa ƙugu kamar macen da ta manyanta ta kuma sha tafiya. Ta je gaban motar ta ɗaga bonet da hannu ɗaya, bonet ɗin da shi kansa sai ya doke shi a gefe yake buɗewa. Ta mayar da wayar batir, ta zagaya ta kunna fitila, ta dawo ta tsuguna tsakanin fitilun biyu, ta kara kunnenta a jikin ƙarfen. Sai ta fara kira a hankali da wata murya mai kauri, irin kiran da uwa ke yi wa yaron da ya ɓuya.

Daga can cikin injin, wani abu ya amsa. Siririn kuka ne, gajere, kamar na yaron da ya gaji da kuka.

Direba bai san lokacin da ya fito ba. "Auta."

Ta juyo. Hasken fitilar na dukan idonta amma ba ta ƙifta ba.

"Kai ne mara hasken," in ji muryar.

Sannan yarinyar ta sulale ƙasa. Umma ta fito da gudu ta rungume ta. Tana kuka ta gaya masa maganar faratan. Direba ya jingina da motar, ya rasa wanda zai kalla.

Washegari bayan la'asar ya ɗauko wani malami da ya san aikin ruƙiyya, gajeren mutum mai tabarau, mai magana ƙasa-ƙasa. Malam bai yi saurin yarda ba. Ya tambaya ko tana zazzaɓi, ko an kai ta asibiti, ko akwai abin da ke damunta a makaranta, ko tana tafiya cikin barci tun tana ƙarama. Sai da ya gama jin komai sannan ya sa aka shimfiɗa tabarma a falo, Umma ta riƙe ta, ya zauna daga gefen kanta ya fara karatu.

An daɗe babu komai. Inuwar taga ta yi tsawo a ƙasa. Can sai yatsun ƙafar Auta suka fara lanƙwashewa, numfashinta ya canza, ta buɗe ido ta zauna da kanta.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Uwa ce."

"Me ya haɗa ki da yarinyar nan?"

"Hannu nake nema. Ni ba na iya taɓa ƙarfen can. Ita ce mai taushin barci a gidan."

"Me kike nema a motar?"

Kan Auta ya juya a hankali har ya tsaya a kan ubanta. "Ku tambaye shi. Kwanar da ke bayan gari, wajen kwalbati, inda hanya ke gangarawa. Da magariba muke tsallakawa da yara. Ku mutane kuna zuwa da haske, mu gani mu kauce. Haka ake yi tun da aka yi hanyar. Shi sai ya zo a duhu kamar ɓarawo."

Direba ya gane wurin. Ya tuna wata yamma da ya sauke fasinja a bayan gari yana dawowa, ya ji wani ɗan dum a gaba wajen kwalbatin. Ya ɗauka rami ne.

"Ƙaramin ɗana ne a baya," in ji muryar. "Motar ta kwashe shi. Ya tsorata ya shige ciki, ƙarfe ya kewaye shi. Kullum yana yawo da shi cikin zafi da ƙara. Ina kunna masa haske don ya ga hanyar fita, ya leƙo ya ga bango, ya ga ba gida ba ne, ya koma."

Malam ya cire tabarau ya goge. Ya dubi Direba ya ce a hankali, "Kada ka ɗauki duk abin da ta faɗa. Suna ƙarya kamar yadda muke yi." Ya juya gare ta. "In gaskiya ne, an cuce ki, amma ba da gangan ba. Yarinyar nan kuwa ba ta tuƙa mota. Ki fita."

"A ba ni ita a madadin nawa."

"Ba za a ba ki ba."

"To a ba ni idon da bai ga ɗana ba."

"Shi ma ba za a ba ki ba. Kin zo neman ɗa ne ko kin zo ciniki?" Ya ɗaga murya ya ci gaba da karatu. Jikin Auta ya sandare, Umma tana riƙe da ita tana hawaye ba sauti.

"Tsaya," in ji muryar, yanzu ta yi laushi. "Tsaya. Ya mayar da shi inda ya ɗauko shi. Yau, kafin jan sama ya mutu. Da haske zai je, tun daga ƙofar gida. In ya isa ya juya hancin motar ga kwalbatin, ya kashe inji, don ƙarar ke firgita shi. Ya bar fitila a kunne har ya fito. In ya fito, na bar muku taku, ba na dawowa."

"In bai fito ba fa?"

"In hasken ya mutu yana ciki, ni ma ina ciki."

Malam ya sa ta rantse da wanda ya halicce ta, ta rantse. Ya sa ta maimaita, ta maimaita.

Direba ya matso kusa da kunnensa. "Allah ya gafarta Malam, batirin nan ba ya riƙe wuta. In na tafi da fitila tun daga nan, rabi zan isa da shi. In na kashe inji kuma, ba zai daɗe ba. A bari zuwa gobe in aro wani."

"Na ji," in ji muryar. "Kullum gobe. Yau."

Motar ma ba ta tashi da makulli ba, don ta kwana tana haska bango. Maƙwabcin da ke taya turi ya ce bayansa na ciwo, bai ko buɗe ƙofa sosai ba. Umma ta ɗauki waya ta kira ƙanenta. Ba ta yi dogon bayani ba, ta ce Auta ce. Kafin a gama sa yarinyar a kujerar baya ya iso, zaren ɗinki a jikin rigarsa. Bai gaida Direba ba. Ya dafa bayan motar ya tura har ta kama, ya buɗe ƙofa ya zauna kusa da Auta.

Direba ya kunna fitila da sauran hasken rana, abin da bai taɓa yi ba. Cikin gari cunkoso ne, tsaya nan tashi can. Duk tsayawa sai ya ga hasken ya dushe a bayan motar da ke gabansa, sai ya taka totur ya ɗan farfaɗo. Malam yana gaba yana motsa leɓe. A madubi Direba yana ganin idon 'yarsa a buɗe, ba ya ƙiftawa.

Suka bar gidaje a baya. Hanya ta gangara, ga kwalbatin, ciyawa ta rufe bakinsa. Sama saura ɗan ja a ƙasa-ƙasa. Ya sauka gefen hanya ya juya hancin motar. Hannunsa ya daɗe a kan makullin kafin ya murɗa. Injin ya mutu, shiru ya rufe su.

Hasken ya kwanta a kan ciyawar, fari da farko. Auta ta miƙa wuya tsakanin kujerun gaba ta fara kiran nan a hankali. Babu amsa. Ƙarfen injin yana ɗan ƙas ƙas yana hucewa. Wata babbar mota ta wuce ta girgiza su, muryar ta yi tsaki ta sake farawa.

Farin ya koma ruwan ɗorawa. Direba ya san wannan launin, ya sha ganinsa da asuba a bangon gidansa, ya san abin da ke biye da shi. Wani tunani ya zo masa: in ƙarya take yi fa? In so take hasken ya mutu a nan, a wurinta, da yarinyar a hannunta? Yatsunsa suka koma kan makullin. Wataƙila akwai sauran wutar da za ta tayar da inji, ya juya ya gudu da 'yarsa.

Malam ya dafa masa hannu. "Ta rantse. In ta karya, ni da ita ne. In kai ka karya, ba ni da bakin magana."

Ya saki makullin. Hasken ya ja baya daga bakin kwalbatin, ya dawo rabin ciyawar, ya koma ja. Umma ta kifa fuska a kafaɗar ƙanenta.

Sai motar ta ɗan motsa, gabanta ya ɗaga kaɗan kamar an sauke kaya. Wani abu ya goga ta ƙarƙashi. A cikin ɗan jan hasken da ya rage, ciyawa ta rabu biyu, siririyar hanya ta buɗe tana tafiya a hankali, tana tsayawa, tana ci gaba, kamar tafiyar mai ɗingishi. Ba su ga kowa ba. Hanyar ta kai bakin kwalbatin, ciyawar ta rufe.

"Ya rame," in ji muryar. Sannan ta ce, "Malam, na tafi."

"Ta ƙafa za ki fita, ba ta ido ba," in ji Malam.

Ƙafar hagun Auta ta yi rawa, ƙaramin yatsan ya miƙe ya saki. Ta yi atishawa ta faɗa jikin uwarta. A daidai lokacin fitilun suka mutu.

Cikin duhun aka ji muryarta, tata ta gaske, ƙarama. "Umma, ina ne nan? Yunwa nake ji."

Malam ya yi mata tambayoyi, sunanta, ajinsu, sunan malamar lissafi, ta amsa duka tana mamaki. Ya yi addu'a ya tofa mata. Direba ya kifa goshi a kan sitiyari.

Kawu ne ya fita ya tura motar ba tare da an ce masa ba. Gangara ta taimaka. Direba ya kashe makunnin fitila, ya sa giya ta biyu ya saki kuloci, motar ta yi tari ta kama. Ya taka birki yana ba ta wuta don kada ta mutu, yana jira. Kawu ya iso, amma bai buɗe ƙofa ba. Ya wuce ta gefen motar ya kama hanyar gari da ƙafa.

Direba ya leƙa ta taga. "Na zalunce ka. Ka shigo, don Allah."

"Ka kai yarinya gida, Baban Auta."

"Laifina ne ni ma," in ji Umma daga baya. "Na ga hannunta tun ran nan, na yi shiru."

Kawu ya tsaya. Bai juyo ba. "Na san kin san wani abu, Yaya. A fuskarki na gani." Ya ci gaba da tafiya.

Direba ya murɗa makunnin fitila. Injin ya yi kamar zai shaƙe, ya ƙara masa wuta, wani rarraunan haske ya fito ya sauka a bayan rigar Kawu. Bai wuce shi ba. Ya bi shi a giya ta ɗaya, yana taka totur hasken na tashi, yana sassautawa yana dushewa, har suka kai inda fitilun titi suka fara. A nan Kawu ya zo taga ya taɓa goshin Auta da ta yi barci, ya yi wa Malam sallama, ya shiga layin shagonsa.

Washegari aka canza altaneta da batir. Jifa ta tsaya, fitila ba ta ƙara kunna kanta ba. Auta ta mayar da jikinta, ba ta tuna komai sai cewa ta yi wani dogon barci. Direba ya je shagon ya sake ba da haƙuri a gaban mutane, Umma ma ta je nata zuwan daban. Kawu ya ce ya yafe, da bakinsa ya faɗa, kuma yana zuwa gidan ya ci abinci ya duba wa Auta aikin makaranta. Amma idan aka idar da sallar isha sai ya nemi takalmansa. Bai dawo da akwatinsa ba.